Takardar Aiki, Kuɗin Sa Hannu da Tikitin Turai: Tarihin Zawarcin 'Yan Ƙwallo a Kano

A watan Yulin 2024 kamfanin EA Sports ya fitar da wasan bidiyo mai suna College Football 25, bayan shekara 11 rabonsa da fitar da irinsa. Wasan ya shafi ƙwallon Amurka ne, wadda ta fi kama da zari-ruga, kamar yadda ake buga ta tsakanin jami'o'in ƙasar. Wani abin lura shi ne, da yawa daga cikin masu buga shi sun fi ɓata lokaci a sashen da ba a taɓa ƙwallo a cikinsa, wato sashen zawarcin 'yan wasa. A can mutum yake zama koci, ya jera sunayen yara 35 'yan sakandare a allonsa, a ba shi ƙayyadaddun sa'o'i a kowane mako, ya raba su tsakanin binciken yaro da lallashinsa. Kowane yaro yana ɗauke da taurari daga ɗaya zuwa biyar, sai dai taurarin kan yi ƙarya: mai uku yakan zama gwarzo, mai biyar ya zama holoƙo. Yaron kuma yana auna makarantar da ma'auni 14, ciki har da damar buga wasa, kusanci da gida, darajar karatu, zaman lafiyar kujerar koci, da yiwuwar kaiwa ga ajin ƙwararru. Daga nan sai ya tace masu zawarcinsa zuwa takwas, zuwa biyar, zuwa uku, kafin ya zaɓi ɗaya.

A gidajen gem na Hotoro da sauran unguwannin Kano ba wannan wasan ne ke tashe ba. FIFA da PES ne suka mamaye, sai masu haƙuri da ke zama da Football Manager a kwamfuta. Amma tambayar da ke ƙarƙashin wasan tsohuwa ce a birnin nan: me mai neman ɗan wasa zai ajiye a gabansa har ya amince? Cikin shekara 70 da suka wuce amsar ta sauya sau uku a Kano. Da farko takardar aiki ce a kamfani ko ma'aikata. Daga baya ta koma kuɗin sa hannu daga baitulmalin jiha. Yau kuwa tikitin jirgi ne zuwa Turai. Kowane sauyi ya zo ne a bayan wani sauyi na tattalin arzikin birnin, kuma kowanne ya ƙara ɗora kasadar a wuyan yaron da iyayensa.

Zamanin takardar aiki

Ƙwallon ƙafa ta shigo Arewa ne ta hanyar makarantu, barikin soja da layin dogo, wanda ya iso Kano a 1911. Ƙungiyoyin farko masu ƙarfi a Najeriya na ma'aikatu ne. Da aka fara gasar Kofin Gwamna a 1945, ƙungiyar Marine ta ma'aikatan jiragen ruwa ce ta ɗauka, sannan Railway ta Legas ta yi kaka-gida a shekarun da suka biyo baya. Sirrin Railway a bayyane yake: hukumar jiragen ƙasa tana da guraben aiki, tana da gidajen ma'aikata, tana kuma da tashoshi daga Legas har Nguru inda labarin duk wani yaro mai ƙafa zai iso kunnen manya. A 1953 ne tawagar Kano ta doke Lagos Dynamos da ci 2 da 1, ta zama ta farko daga wajen Legas da ta ɗauki kofin.

A wancan lokacin doka ba ta san wani abu wai shi ɗan ƙwallon haya ba. Kowa ɗan sha'awa ne a kan takarda. Saboda haka hanyar ɗaukar ɗan wasa ita ce a ɗauke shi aiki: akawu, mai kula da sito, ɗan koyo a sashen kanikanci. Ya sa hannu a rajista da safe, a sallame shi da wuri ya tafi atisaye, a ƙarshen wata ya karɓi albashi tare da sauran ma'aikata. Wannan tsari ne ya haifi mafi yawan sunayen da dattawa ke ambata har yau: Stationery Stores da ACB a Legas, IICC Shooting Stars da Leventis United a Ibadan, Bendel Insurance da New Nigeria Bank a Benin, BCC Lions ta kamfanin siminti a Gboko, DIC Bees da UNTL a Kaduna, Zamfara Tex a Gusau. A ƙungiyar masaƙar UNTL ne Rashidi Yekini ya fara kafin ya wuce Ibadan.

Kano tana da abin da wannan tsari ke buƙata. An fara da rukunin masana'antu na Bompai tun kafin samun 'yancin kai, sannan aka buɗe Sharaɗa da Challawa bayan kafa jihar a 1967 da shigowar kuɗin man fetur. Masaƙu irin su Bagauda da Gaskiya, kamfanin kekunan Raleigh, matatun man gyaɗa, masana'antun jima, na alawa da na robobi, duk suna ɗaukar ma'aikata da yawa, daga cikin gari da kuma daga sassan ƙasar nan. Unguwanni irin su Hotoro, Dakata, Kawaji da Tudun Wada sun cika da iyalan ma'aikata, kuma kowane fili da ba a gina ba ya zama filin tamaula da yamma.

Tauraruwar wannan zamani a Kano ita ce Raccah Rovers, mai ɗauke da sunan gidan kasuwancin Raccah. Saul Raccah mutumin Tarabulus ne da ya zauna a Kano, ya yi ƙarfi a cinikin gyaɗa har ya riƙa gogayya da manyan kamfanonin Turawa. Ƙungiyar ta kai wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale a 1977, inda kofin ya tafi Ibadan wajen Shooting Stars. A 1978 ta lashe gasar lig ta ƙasa, ta wakilci Najeriya a gasar zakarun Afirka ta 1979. A shekarun da Rangers ta Enugu da Shooting Stars da Bendel Insurance ke rabon kofuna a tsakaninsu, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Bayan Raccah akwai ƙungiyar WRECA, ta hukumar da ke gina madatsun ruwa a jihar, da ta Bank of the North, bankin da hedikwatarsa ke Kano.

Idan aka auna tayin waɗannan ƙungiyoyi da ma'aunan wasan bidiyon da muka ambata, za a ga ƙarfinsu yana wuri guda: tabbacin gobe. Ɗan wasan da ya karye a shekara 26 ba ya komawa gida hannu rabbana. Sunansa yana cikin takardar albashi, yana da wata sana'a ko da rabi-rabi ce, yana kuma da abokan aiki da suka san shi. Uban da aka zo neman ɗansa ba a kan ƙwallo yake yanke shawara ba. A kan aikin banki ko na hukumar ruwa yake yankewa. Wannan ne ya sa iyaye da dama da ke kallon tamaula a matsayin shiririta suka sassauta.

Tsarin yana da nasa aibi. Albashin na ƙaramin ma'aikaci ne ko da ɗan wasan ya cika filin wasa da 'yan kallo. Ba shi da kwantiragin da ke kare shi a matsayin ɗan wasa. Rayuwar ƙungiya kuma tana rataye da ra'ayin mai kamfani; ran da ya gaji, ko ciniki ya ja baya, sai a rufe.

Makarantu, da masu zawarci daga Amurka

Kafin kamfanoni su ga yaro, makaranta ce ke fara ganinsa. Gasar sakandare ita ce babbar mahaƙar 'yan wasa a shekarun 1960 da 1970, kuma daga cikinta ake haɗa tawagar ɗalibai ta ƙasa da ake kira Academicals, wadda karawarta da takwararta ta Ghana ke cika filaye. Henry Nwosu, wanda ya ɗauki kofin Afirka a 1980 yana matashi, daga makarantar St. Finbarr's ta Legas aka gano shi. A Kano, gasar Kofin Ramat ta matasa, wadda ƙungiyar YSFON ke shiryawa don tunawa da Janar Murtala Ramat Muhammad, ta daɗe tana tara tawagogin yara daga jihohi, masu neman hazikai kuma suna zama a gefen fili da takarda da biro.

A nan ne tarihinmu ya haɗu da na jami'o'in Amurka kai tsaye. A shekarun 1970 masu horarwa na wasu jami'o'in can sun gano cewa Najeriya tana da 'yan ƙwallon ƙafa da suka gama sakandare, suna jin Turanci, suna kuma ƙishirwar digiri. Jami'ar Howard da ke Washington, ƙarƙashin koci Lincoln Phillips, ta ɗauki kofin jami'o'in Amurka a 1974 da tawagar da ta ƙunshi 'yan Afirka da 'yan Karibiyan, har da 'yan Najeriya. Jami'ar Clemson ta ɗebi irin su Godwin Ogbueze da Christian Nwokocha. Tayin nasu gurbin karatu ne kyauta, kuma ya fi takardar aikin akawu nauyi a idon mai hangen nesa. Wannan ce fitar farko ta 'yan wasanmu da yawa zuwa ƙetare, kuma abin da aka saye su da shi ilimi ne.

Rushewar masana'antu da haihuwar Sai Masu Gida

Farashin man fetur ya faɗi a farkon shekarun 1980. Masana'antun Bompai da Sharaɗa, waɗanda yawancinsu ke shigo da kayan sarrafawa da kayan gyaran injuna daga waje, suka fara rasa kuɗin musaya. A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙaddamar da shirin SAP, darajar naira ta zube. Daga baya matsalar wutar lantarki da kwararowar yadi mai araha daga Asiya suka ƙarasa abin da ya rage na masaƙu. Kamfanin da ke sallamar masu aikin inji ba zai riƙe mai tsaron raga a takardar albashi ba. Raccah Rovers ta watse a cikin shekarun 1980, haka ma Leventis United da Abiola Babes a kudu.

'Yan wasa suka fara neman mafita. A 1985 Stephen Keshi ya bar New Nigeria Bank zuwa Abidjan, daga can ya wuce Beljiyam a 1986, ya buɗe ƙofar da Daniel Amokachi na Ranchers Bees ta Kaduna ya bi zuwa Club Brugge a 1990. Tijjani Babangida ya tafi Roda ta Holan, daga baya Ajax. A cikin gida kuwa, 1990 ce shekarar da aka fara gasar ƙwararru. A shekarar ne aka haɗe ƙungiyoyi uku, WRECA da Kano Golden Stars da Bank of the North, aka kafa Kano Pillars. Alhaji Ibrahim Galadima, wanda daga baya ya shugabanci hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, yana kan gaba a wannan aiki.

Haɗewar ta ceci ƙwallon Kano daga mutuwa, ta kuma sauya ma'anar zawarci. Ɗan wasa ya daina zama ma'aikaci mai buga ƙwallo, ya zama ɗan kwantiragi na shekara ɗaya ko biyu. Abin da ake ajiyewa a gabansa yanzu kuɗin sa hannu ne, da albashi, da alawus na cin wasa, duk daga asusun gwamnatin jiha. Ƙofofi uku ko huɗu da yaron Kano ke iya ƙwanƙwasawa a da suka koma ɗaya.

Dole a yi wa wannan zamani adalci, domin ya zo da nasarorin da zamanin kamfanoni bai gani ba. Pillars ta lashe gasar lig a 2008, 2012, 2013 da 2014, ta ɗauki Kofin Aiteo a 2019. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar, mai riƙe da kofin zakarun Afirka, bayan kunnen doki 1 da 1 a gida da 2 da 2 a Alƙahira, ta kai wasan kusa da na ƙarshe inda Heartland ta tsayar da ita. Daga 2003 zuwa 2015 ba a doke ta a gida a gasar lig ba, sai da Nasarawa United ta karya tarihin. A harshen wasan bidiyon, Pillars tana da maki mafi girma a ma'auni biyu: yanayin filin wasa da tarihin ƙungiya. Duk wanda ya taɓa shiga filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ranar babban wasa ya san cewa taron nan kaɗai ya isa ya ja ɗan wasa daga Aba ko Jos.

Dabarar ɗaukar 'yan wasanta ta tsaya a kan ƙafa biyu. Akwai 'yan gida da ke daɗewa, waɗanda Rabi'u Ali, da ake wa laƙabi da Pele, ya zama alamarsu, tare da irin su Gambo Muhammad. Akwai kuma baƙi da ake ɗaukowa suna kan ganiya, su yi kaka ɗaya ko biyu su wuce. Shehu Abdullahi ya zo daga Sakkwato ya wuce Kuwait. Junior Lokosa ya zama sarkin zura ƙwallo a 2018, Espérance ta Tunisiya ta ɗauke shi. Mafi shahara shi ne Ahmed Musa: haifaffen Jos, ya fito daga makarantar horo ta GBS, ya bi ta JUTH, ya zo Pillars ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009 zuwa 2010, ya kafa sabon tarihi a gasar.

Raunin tsarin kuwa yana cikin tushensa. Ƙungiyar da gwamnati ke riƙewa tana numfashi ne da kasafin kuɗi da kalandar siyasa. Sabuwar gwamnati kan zo da sabbin shugabanni, su kuma su zo da sabon koci, shi kuma ya zo da 'yan wasansa. Ma'aunin nan na zaman lafiyar kujerar koci, wanda yaron cikin wasan bidiyo ke dubawa kafin ya sa hannu, kusan babu ƙungiyar jiha a Najeriya da za ta ci shi. Koke-koken bashin albashi da na kuɗin sa hannu sun zama ruwan dare a gasar baki ɗaya. Shugaban da bai san ko zai kai baɗi ba ba zai zuba kuɗi a kan yaro ɗan shekara 13 ba, tunda sai bayan shekara shida za a ga amfaninsa. Pillars ta faɗa gasar 'yan dagaji a 2022, ta dawo a 2023.

Zamanin tikiti

Tafiyar Ahmed Musa ta nuna yadda kasuwar ta koma. VVV-Venlo ta Holan ta saye shi a 2010, amma sai da ya jira ranar 14 ga Oktoba, ranar da ya cika shekara 18, kafin ya cancanci bugawa, saboda dokar FIFA ta 2001 da ta hana cinikin yara 'yan ƙasa da 18 tsakanin ƙasashe. Daga nan sai CSKA Moscow a 2012, sai Leicester City a 2016 kan kimanin fam miliyan 16. Duk wani mai ido ya ga inda ribar take: a hannun wanda ya riƙe takardun yaro kafin ya cika 18.

Saboda haka zawarci ya sauko daga manyan ƙungiyoyi zuwa makarantun horo masu zaman kansu da dillalai. Victor Osimhen daga Ultimate Strikers ya fito, Wilfred Ndidi daga Nath Boys; babu ɗayansu da ya yi suna a babbar gasar Najeriya kafin ya tafi. Alhassan Yusuf, haifaffen Kano, daga makarantar horo ya wuce IFK Göteborg ta Suwidin a 2018, sannan Royal Antwerp, har ya buga wa Najeriya gasar kofin Afirka da aka yi a Kwaddibuwa. A yau babban burin hazikin yaro a Hotoro ko Sheka ko Kurna shi ne gwaji a Suwidin, Norwe, Beljiyam ko Fotugal. Rigar Pillars ta koma zaɓi na biyu.

Wannan kasuwa tana da duhu. A 2021 FIFA ta hukunta ƙungiyar Spezia ta Italiya saboda karya dokar ɗaukar yara ƙanana daga Najeriya. Matsalar rage shekaru, wadda ta ja wa Najeriya dakatarwar shekara biyu daga gasannin matasa a 1989, ita ta sa tun 2009 ake ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu da na'urar MRI kafin gasar 'yan ƙasa da 17. Ga kuma dillalan bogi da ke karɓar kuɗin biza da na gwaji daga iyaye, wasu har su sayar da fili, yaron ya ƙare a wata ƙasa ba ƙungiya ba takardun zama. Ƙa'idar da ya kamata kowane uba ya riƙe mai sauƙi ce: ƙungiyar da ke son ɗanka da gaske ita ke biyan kuɗin jirgi.

Ko da an cire 'yan damfara, lissafin bai canza ba. Daga cikin ɗaruruwan yaran da ke atisaye safe da yamma, ƙalilan ne za su sa hannu a kwantiragin da zai riƙe su. A zamanin Raccah da WRECA wanda bai kai ba yana da aiki. A zamanin gurbin karatu yana da digiri. A yau wanda bai kai ba yakan wayi gari yana da shekara 24, da gwiwa mai ciwo, ba takardar sakandare, masana'antun da za su ɗauke shi kuma yawancinsu sun zama sito ko kango.

Kuɗin da ke kwance a cikin takarda

Abin takaici shi ne dokokin FIFA sun tanadi rabon wanda ya raini ɗan wasa. Duk lokacin da aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata yana cikin kwantiragi, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin domin ƙungiyoyin da suka horar da shi daga shekara 12 zuwa 23. Shekaru huɗun farko kowace tana da rubu'in kashi ɗaya, sauran takwas kowace tana da rabin kashi ɗaya. A ɗauka an sayar da wani kan Yuro miliyan 10. Rabon masu raino Yuro 500,000 ne. Ƙaramar ƙungiyar unguwa da ta riƙe shi daga shekara 12 zuwa 17 tana da haƙƙin kashi 2 cikin 100, wato Yuro 200,000, kuma za ta sake samun rabonta duk lokacin da aka sake irin wannan cinikin. Akwai kuma diyyar horo da ake biya idan ya sa hannu a kwantiraginsa na farko na ƙwararru. Tun 2022 FIFA ta buɗe wani ofishi a Faris da ke bin waɗannan kuɗaɗe ya tura wa masu su.

Sharaɗin guda ne: sai sunan ƙungiyar ya fito a tarihin rajistar ɗan wasan. Kocin unguwa da ya shekara shida yana saya wa yaro takalmi daga aljihunsa, amma ƙungiyarsa ba ta da rajista da hukumar ƙwallo, yaron ma ba a shigar da shi ba, ba shi da ko sisi a idon doka. Wanda ya zo daga baya da fom da hatimi shi ke kwashewa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A nan tarihin wasan bidiyon yana da darasi. Dalilin da ya sa aka daina fitar da shi bayan 2013 shi ne ƙarar da tsohon ɗan ƙwallon kwando Ed O'Bannon ya shigar a 2009, bayan ya ga siffarsa a wani wasan bidiyo ba tare da izininsa ko biyansa ba. Shari'ar da waɗanda suka biyo bayanta sun rusa tsohuwar hujjar cewa ɗan wasan jami'a ɗan sha'awa ne da bai cancanci kuɗi ba. Daga 1 ga Yulin 2021 aka ba su damar cin moriyar sunansu da hotonsu. Da wasan ya dawo a 2024, kowane ɗan wasa da ya yarda a sa shi ya karɓi dala 600 da kwafin wasan. Kuɗin ba su da yawa, amma sun tabbatar da ƙa'ida: wanda gumi ya fito daga jikinsa yana da rabo, kuma rabon yana samuwa ne idan akwai suna a rubuce da kotun da za ta duba.

Abin da za a iya farfaɗowa

Ba za a dawo da 1978 ba. Masaƙun da suka rufe ba za su buɗe don ƙwallo ba, kuma babu yaron da zai ƙi Beljiyam saboda aikin akawu. Amma abin da ya ba tsohon tsarin daraja, wato tanadin mafita ga wanda bai kai ba, ana iya gina shi da kayan yau.

Na farko shi ne rajista. Hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha za ta iya sauƙaƙa wa ƙungiyoyin unguwanni shiga rajista, a rubuta kowane yaro daga shekara 12 da takardar haihuwa ta gaskiya. Wannan zai rage rikicin shekaru, ya kuma buɗe hanyar kuɗin raino zuwa Hotoro da Gwammaja maimakon su tsaya a hannun dillali. Na biyu shi ne a ɗaure lasisin makarantar horo da karatu ko koyon sana'a, ta yadda ba za a yarda a riƙe yaro ɗan shekara 14 yana atisaye a lokacin da ya kamata yana aji ba. Na uku ya shafi masana'antun da suka rage. Har yanzu akwai masu aikin fata a Challawa, akwai na robobi, abinci, lemo da shinkafa a Sharaɗa da Bompai. Ba sai sun kafa ƙungiyar da za ta shiga babbar gasa ba. Ɗaukar nauyin ƙungiyar matasa guda tare da ware wa 'yan wasanta guraben koyon aiki bai kai kuɗin tallan shekara ba, kuma idan ƙungiyar tana da rajista, cinikin yaro ɗaya zai iya mayar da abin da aka kashe.

Akwai misalin da ke nuna cewa tsari mai dogon numfashi yana biya. Remo Stars ta Ikenne, mallakar ɗan kasuwa Kunle Soname, ta gina filinta, ta kafa makarantar horo ta Beyond Limits, mai ita kuma ya mallaki ƙungiyar Feirense a Fotugal, sannan ta lashe gasar lig a 2025. A Kano ma an fara ganin motsi: Barau FC ta hau babbar gasa a 2025, abin da ya ba birnin ƙofa ta biyu, kuma a shekarar ne aka naɗa Ahmed Musa babban manajan Kano Pillars. Mutumin da ya bi hanyar daga makarantar horo a Jos har zuwa gasar Firimiyar Ingila ya san kowane shinge da ke kanta, ya kuma san abokan tasowarsa nawa ne suka tsaya a hanya.

A cikin wasan bidiyo, idan yaron da ka zuba wa sa'o'i ya zama holoƙo, sai ka goge sunansa daga allo ka sa wani. A Kano sunan da aka goge na ɗan wani ne, kuma yana nan a unguwa gobe da safe. Duk mai son sanin ingancin wata ƙungiya ko makarantar horo, kafin ya ba da ɗansa ko kuɗinsa, ya nemi a nuna masa inda yaran da aka sallama shekara biyar da suka wuce suke a yau.